Kwaɗayin Sabuwar Kyamara

In ka bi ta Tudun Wada ta Kaduna ran Asabar, da wuya ka wuce layi uku ba ka tarar da rumfar biki ba. In ba ɗaurin aure ba ne, suna ne. In kuwa ba suna ba ne, to, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ne, wadda aka fi sani da Kaduna Poli, suna murnar gama karatu. A kowane taro za ka ga mutum biyu ko uku da kyamara rataye a wuya. Ba dukansu ne masu sana'ar hoto ba. Waɗansu malaman makaranta ne, waɗansu akawuna, waɗansu ɗalibai, suna ɗaukar hoto domin sha'awa kaɗai.

Wannan sha'awa abu ne mai kyau, mu ma muna cikinta. Gidan da yake da mai ɗaukar hoto ba ya manta fuskokin mutanensa. Amma akwai wani ciwo da yakan bi ta cikin sha'awar nan ya shiga gida. A kansa muke so mu yi magana a wannan wata.

Yadda ciwon yake kama mutum

Farkonsa da sauƙi. Mutum yana da kyamararsa, tana aiki lafiya lau. Sai ran nan ya ga ta abokinsa, ta fi tasa girma, ta fi tasa sheƙi. Ya koma gida ya duba hotunansa, sai ya ga duk ba su yi masa kyau ba. Daga nan ya fara kwana a kan waya yana kallon masu tallar kyamara. Ya haddace sunayen samfuri da lambobinsu kamar zai ba da jarrabawa. In ka tambaye shi yaushe rabonsa da ɗaukar hoto, sai ya ce yana jira tukuna ya sami kayan kirki.

Turawa ma sun san ciwon, har sun raɗa masa suna, suna ce da shi ciwon tara kayan aiki. An fara jin sunan a bakin masu kaɗa gita a Amurka, daga baya masu hoto suka ga ashe da su ake. Alamarsa guda ce: daɗin sayen ya fi daɗin aikin. Ran da aka buɗe kwali ana murna, bayan wata biyu kuwa ido ya koma kan wani kwalin.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Wata shekara muka ga wani dogon gilashi a wani shago a cikin gari, irin wanda ake ɗaura wa kyamara a gaba domin ya jawo abin da yake nesa. Muka yi ta zarya muna leƙensa. Daga bisani muka haɗa kuɗin adashi da ɗan rance muka ɗauko shi. Uwargida ta juya shi a hannu ta ce, "Baban yara, wannan kuma me zai yi mana?" Muka ce zai ɗauko mahayin doki daga can ƙarshen fili. Ta ce, "To, zai iya ɗauko kuɗin makarantar yaran daga can ƙarshen wata?" Muka yi shiru, gama ba mu da amsa.

Bayan mako uku aka yi sunan jikanyar wanmu. Aka miƙa wa Iya, mahaifiyarmu, jaririyar a cikin ɗaki, tsohuwa tana dariya. Muka ɗaga kyamara, sai muka tarar ɗakin ya yi wa dogon gilashi kaɗan. Muka ja da baya har muka jingina da bango, amma kunnen Iya kaɗai muke gani. Gajeren gilashinmu na dā kuwa mun bar shi a gida, don mun raina shi. Wani yaron maƙwabta ne ya ɗauki hoton da 'yar wayarsa. Iya ba ta ga wata damina ba. Hoton yaron nan shi ne yake rataye a falonmu har yau.

Ba yau aka fara ba

Dattawan Kaduna suna tuna shekarar Udoji. A 1974 hukumar da Cif Jerome Udoji ya shugabanta ta ba da shawara a ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi. A farkon 1975 aka biya, har da ariyas na watanni. Kantuna suka cika. Wannan ya sayi rediyo, wancan babur, wani agogo, wani kyamara. Lokacin naira tana da ƙarfi, dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1976 kamfanonin Japan suka fito da Canon AE-1 da Pentax K1000, ga kuma Yashica mai ido biyu wadda masu shagon hoto suke ji da ita. A watan Fabrairu na 1977 aka yi babban hawan daba na FESTAC a nan Kaduna, dubban mahaya suka taru daga masarautun Arewa. Mai kyamara a ran nan ya ga abin ɗauka.

Amma daɗin bai daɗe ba. A 1986 aka karya darajar naira. Fim daga waje yake zuwa, takardar hoto da ruwan wanki ma haka, duk suka yi tsada. Kyamarori da yawa suka koma ƙarƙashin gado, domin mai ita ya iya sayenta amma bai iya ciyar da ita ba. Kyamara kamar doki take: sayensa dabam, harawarsa dabam.

Abin ya sāke faruwa a idonmu. Kafin tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya ci bashi domin kayan da ake sayowa da dala ya san yadda ya kwana.

Me ya sa sabuwa take fitowa kullum?

Kada mu ɗauka kamfanonin kyamara suna fito da sabon samfuri domin tsohon ya daina aiki. Suna yi ne domin kasuwarsu. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak ta fari a Amurka a kan dala 25. A 1900 ya fito da Brownie a kan dala 1 tak, domin ya san ribarsa tana cikin fim ɗin da za a riƙa saye. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamara ta fari marar fim. Nauyinta ya kusa kilo 4, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto guda a kaset. Sannu a hankali irinta suka kori fim, har a 2012 Kodak kansa ya nemi kotu ta kāre shi daga masu binsa bashi.

Da fim ya kau, sai ya zama ribar kamfani tana cikin kyamarar kanta da gilasanta. Sai kuma waya ta shigo. Bisa ga lissafin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, a 2010 sun fitar da kyamara wajen miliyan 121. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. To, wanda masu sayensa suka ragu haka, yaya zai yi? Sai ya sayar wa 'yan kaɗan ɗin da suka rage kaya masu tsada, ya kuma sa su dawo bayan shekara biyu ko uku. A 2018 Canon da Nikon duka suka fito da sababbin samfura masu sabon baki, waɗanda tsofaffin gilasai ba su shiga sai da mahaɗi. Mai talla yana aikinsa ne, ba mu ga laifinsa ba. Namu ne mu san cewa an shirya tallar domin ta sa mu raina abin da yake hannunmu.

Bari mu yi lissafi

A 2018 Sony ya fito da wata kyamara da masu sha'awa suka yi rububinta, ana kiranta A7 III, a kan wajen dala 2,000, ban da gilashi. In aka lissafa dala a kan naira 1,500, kuɗin ya kama naira miliyan 3. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa hannu a kai a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Watau mai wannan albashi sai ya yi wata 43, fiye da shekara uku da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe gangar jikin kyamarar kaɗai. Bayan haka ga gilashi, ga batir na biyu, ga katin memori, ga jaka, ga kwamfutar da za ta iya ɗaukar manyan hotunan.

Me kuma za a samu da wannan kuɗi? Abin da masu talla suka fi kururutawa shi ne megafiksel. Hoton zamani ɗigo-ɗigo ne ƙanana, megafiksel ɗaya kuwa ɗigo miliyan ɗaya ke nan. Masu buga hoto sukan so ɗigo 300 a kowane inci. Hoton albam mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1,200 sau 1,800, watau megafiksel 2 da 'yan kai. Mai inci 8 da 10, irin na bangon falo, yana bukatar 7 da 'yan kai. Kyamarar da aka yi shekara goma da suka wuce takan ba da 16, ko 18, ko 24. Yawancin hotunanmu kuwa a WhatsApp suke ƙarewa, shi kuma yakan matse hoto ya rage girmansa kafin ya aika. Ashe mutum yakan ci bashi domin ɗigon da ba wanda zai taɓa gani.

Mutum biyu da suka fara da ƙaramin akwati

A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mutum, Seydou Keita, ɗan kafinta. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi 'yar Kodak Brownie. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a gidansu. Yawancin aikinsa a tsakar gida yake yi da hasken rana. Zanen gadonsa shi ne labulen farko da ya rataya a bayan masu zama. Domin tsimin fim, sau ɗaya yakan ɗauki mutum. Saboda haka sai ya tsaya ya gyara zaman mutumin, ya daidaita hannunsa, ya duba inda haske ya faɗi, kāna ya ɗauka. Ya kuma adana aikinsa da kyau, dubbai. Ya rasu a 2001. A 2016 aka baje hotunansa a babban zauren Grand Palais a birnin Faris, mutane suka yi layi suna kallon matan Bamako da zannuwansu.

A ƙasarmu kuma akwai J. D. Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 a yankin da yake Jihar Edo yanzu. A 1950 ya sayi Brownie a kan fam 2, wani maƙwabci ya nuna masa yadda ake aiki da ita. Ya yi ta rubuta takardar neman aiki zuwa Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan, har a 1954 suka ɗauke shi mataimaki a ɗakin wanke hoto. A 1968 ya sa kansa wani aiki: ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya. Ya yi shekaru yana bin tituna da bukukuwa, ya tara hoto wajen dubu. Abin da kowa yake gani kullum bai kula ba, shi ya tsaya ya dube shi. A 2013 aka nuna hotunan a babban bikin zane-zane na birnin Venice a Italiya. Ya rasu a 2014.

Gaskiya ne dukansu biyu sun riƙe kyamarori mafi kyau daga baya. Amma a lura da yadda abin ya bi. Ido ya fara buɗewa, aiki ya biyo, sa'an nan aikin ya sayi kayan. Mu kuwa so muke mu fara daga ƙarshe.

Ba sai mun je Bamako ba ma. Shiga Kasuwar Barci ka dubi teloli. Wani yana kan tsohon keke mai feda, fentinsa duk ya goge, amma sai ka yi rajista wata guda kafin Salla ko Kirsimeti in kana so ya taɓa yadinka. Ba wanda ya taɓa yaba riga ya ce a gaishe da keken. Leƙa Panteka kuma ka ga abin da maƙera suke fitarwa da guduma da tsohon ƙarfe. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da yake gyara hoto

Na fari, haske. Rana tsaka takan sa inuwa a ƙarƙashin ido, ta sa mutane su runtse. Haske mai kyau yana nan da safe kafin rana ta take, da kuma bayan la'asar. In dole ne a ɗauka da tsakar rana, a kai mutum inuwar bishiya ko bakin zaure, fuskarsa tana duban waje. A cikin ɗaki kuwa a zaunar da shi kusa da taga, hasken yana zuwa daga gefe.

Na biyu, sanin fatarmu. Kyamara takan auna hasken wuri duka ta raba daidai. In baƙin mutum ya sa farar babbar riga, farin yakan ruɗe ta, sai ta rage haske, fuskar ta fito duhu. Wannan tsohuwar matsala ce. Shekaru da yawa katin gwajin da Kodak yake aika wa masu wanke hoton kala hoton farar mace ne a jikinsa, da shi ake daidaita injin. Tsofaffin masu shagon hoto sun san maganin: a ƙara buɗe idon kyamara kaɗan. Kyamarar yau tana da maɓalli mai alamar ƙari da ragi. Ƙara mataki ɗaya, ka ga yadda fuska za ta fito. Wannan bai ci ko kwabo ba.

Na uku, matsowa kusa da duban baya. Kafin ka danna, dubi abin da yake bayan mutumin. Bokiti, igiyar shanya, turken lantarki da ya tsiro daga kansa, duk taki biyu zuwa hagu yakan kawar da su.

Na huɗu, haƙuri. A zamanin fim, nadi ɗaya hoto 24 ne ko 36, na Yashica mai ido biyu ma 12 ne kaɗai. Dole mutum ya yi tunani kafin ya danna. Gwada wannan: fita ran Asabar zuwa lambun Gamji a bakin Kogin Kaduna, inda tsohuwar gadar Lugga take, wadda aka ɗauko daga Zungeru. Ka ƙudura ba za ka wuce hoto 12 ba. Za ka koyi abin da sabon kwali ba zai koya maka ba.

Na biyar, kula da abin da kake da shi. Ƙurar hunturu takan shiga cikin kyamara in ana sauya gilashi a fili. Laimar damina kuma takan sa funfuna ta tsiro a cikin gilashi in an kulle shi a jaka wata da watanni. A ajiye kaya a busasshen wuri, a riƙa fito da su suna shan iska, a cire batir in za a daɗe ba a yi aiki ba.

To, kada a saya ke nan?

A'a, ba mu ce haka ba. Akwai lokacin da saye ya dace. Amma kafin ka kai hannu aljihu, amsa wa kanka waɗannan tambayoyi.

Wane hoto ne na so in ɗauka, kyamarata ta kāsa? In ba ka iya faɗinsa da baki ba, ba kyamara ce ta gaza ba. Na karanta littafin da ya zo da wadda nake da ita har ƙarshe? Sau nawa na fita da ita a wata ukun da suka wuce? Zan iya ara ko haya na kwana ɗaya in gwada tukuna? Kuɗin nan rara ne, ko kuwa na haya ne, ko na makaranta, ko na magani? Uwargida ta sani, ta kuma yarda? Sayen da ake ɓoye rasidinsa a ƙarƙashin katifa, mai shi ya riga ya san hukuncinsa.

In ka amsa duka, ka ƙara jira wata guda. Sau da yawa zazzaɓin yakan sauka da kansa. In bai sauka ba, dubi ta hannu. Tun da manyan kamfanoni suka koma sabon samfuri, tsofaffin masu kyau sun yawaita a kasuwa. Je da wanda ya san kan abin, a haska gilashi da tocila a duba funfuna, a ɗauki hoton farin bango a duba tabo. Gajeren gilashi mai lamba 50 yana cikin mafi araha, yana kuwa aiki ko a ɗaki mai ƙarancin haske. Bashi dai kada a ci domin sha'awa. Wanda hoto ne sana'arsa yana iya lissafa bikin da zai biya kuɗin. Mai sha'awa kuwa daga tukunyar gida zai biya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ku ma iyaye mata da 'yan'uwa, kada ku yi wa mai wannan sha'awa ba'a har ya jefar da ita. Ku ba shi aiki. Ku ce ya ɗauki Kaka tana tankaɗe, ya ɗauki Baba a bakin shagonsa, ya ɗauki yara ran da suka fara zuwa makaranta.

Abin da zai rage

A gidaje da yawa a Tudun Wada akwai tsohon albam, ko hoto baƙi da fari a bango: maigida yana saurayi da kayan aikin masaƙa, ko amarya da ƙawayenta. Masaƙar KTL ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, amma hoton ma'aikacinta yana nan. Jikoki sukan tsaya su dube shi. Ba mu taɓa jin wani ya tambayi sunan kyamarar da ta ɗauka ba. Tambayarsu ita ce, "Wane ne wannan?"

Mu kuwa na yau mun fi kakanninmu yawan hoto nesa ba kusa ba, amma yawancinsu suna cikin waya. Ran da aka sace ta, ko ta faɗa ruwa, shekara biyar ta tafi. Saboda haka ga shawararmu ta ƙarshe. Daga cikin kuɗin da kake tarawa domin sabuwar kyamara, cire kaɗan. Zaɓi hoto 20 mafi kyau na wannan shekara, kai su a buga a takarda. Rubuta suna da wuri da kwanan wata a bayan kowanne. Ajiye kwafin sauran a wuri biyu dabam. Sa'an nan ka goge ƙurar tsohuwar kyamararka, ka tafi gaishe da tsofaffin gidanku tun suna nan, ka zaunar da su kusa da taga.